Gadar Mostar: gyaran dutse ya fi gyaran zumunci sauƙi

Ranar 9 ga watan Nuwamba na 1993 ne dakarun Kuroshiyawan Bosniya suka yi luguden wuta a kan tsohuwar gadar birnin Mostar, har ta rufta cikin kogin Neretva. Gadar dutse ce mai baka guda, wadda magini Hayruddin ya kammala a 1566, zamanin Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya. Shekara 427 ta yi a tsaye. Sunan garin ma daga masu gadinta aka samo shi.

Bayan yaƙi, hukumar UNESCO da Bankin Duniya da ƙasashe kamar Turkiyya da Italiya suka sa hannu. Aka saro dutse daga yankin, aka bi dabarun magabata, aka buɗe ta a watan Yuli na 2004. A 2005 ta shiga jerin kayan tarihi na duniya.

Wasu na cewa kwaikwayo ce kawai, ɓarnar kuɗi aka yi. Mu dai ba mu yarda ba. A ganinmu, gadar shaida ce cewa Musulmi da Kirista sun daɗe suna zaman gari ɗaya, barin ta a rushe kuwa cika wa maɓarnata buri ne.

Sai dai kada a ruɗe. Bayan zaɓen 2008, Mostar ba ta sake zaɓen majalisar gari ba sai a 2020, saboda taƙaddamar shugabannin ɓangarorin biyu. Baƙi na cika gadar suna ɗaukar hoto, amma darajarta ba za ta cika ba sai ran da ƴaƴan gabas da na yammacin garin suka koma karatu a aji ɗaya.