Akuya Cikin Fatar Kura: Kan Bindigogin Nishaɗi Masu Kamannin Na Soja



Wata tambaya ta fara yawo tsakanin 'ya'yanmu mazauna Amurka da Ingila, har iskarta ta iso zaurukan manyanmu a Kumasi da Nima. Akwai wasu bindigogi da ake sayarwa a can domin nishaɗin harbi, an ƙera su da siffar bindigogin yaƙi sak, amma abin da suke ci ƙaramin harsashi ne mai lamba .22, irin wanda manoman can suke harbin zomo da kurege da shi. Matasanmu suna tambaya ko sun cancanci a saya. Wasu ma ba su jira amsa ba, domin mun ga hotunan a Facebook: yaro ya rungume baƙin ƙarfe, ya murtuke fuska kamar mai shirin shiga fagen daga. Amsarmu ita ce ba su cancanta ba. Za mu kuma kawo dalili, domin wanda ya ƙetare teku yake ci da guminsa ya wuce tsawa, hujja ake ba shi.

Tun farko kada wani ya ɗauka muna ƙyamar harbi. Malaman da suka karantar da mu sun lissafa harbi tare da iyo da hawan doki cikin wasannin da shari'a ta yaba, kuma maharbi mutum ne mai daraja a wurin Bahaushe tun zamanin kwari da baka, har zuwan adaka. Mai neman ya koyi natsuwar hannu da kaifin ido, Allah Ya taimake shi. Rigimarmu da rigar da aka sa wa bindigar ce.

Ga yadda abin yake. Harsashin .22 ɗin nan tsoho ne, wani kamfanin Amurka mai suna Stevens ne ya fito da shi a 1887. Maganin da ke tayar da wutarsa yana cikin leɓen gindin kwanson, saboda haka ƙusar bindiga gefe take duka, saɓanin harsashin soja da ake duka a tsakiya. Tunda dole kwanson ya zama marar kauri kafin ƙusa ta iya lotsa shi, ba ya ɗaukar albarushi mai yawa. Dalmar da ke kansa ba ta kai giram uku ba, tana fita da gudun kimanin mita 350 a daƙiƙa. Harsashin 5.56 da sojan Amurka yake harbawa kusan kaurinsu ɗaya, amma gudunsa ya haura mita 900 a daƙiƙa, ƙarfin dukansa kuma ya kusa ninka na ƙaramin sau goma. Ƙaramin dai ga arha, ga ƙarancin ƙara, ba ya kuma naushin kafaɗa, shi ya sa aka daɗe ana koya wa masu farawa harbi da shi.

Sai 'yan kasuwa suka lura cewa akwai masu sha'awar kamannin soja da ba su da kuɗin harsashin soja. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da M&P15-22 a 2009, mai siffar AR-15. Wani kamfanin Jamus, German Sport Guns, ya ƙera GSG-5 mai siffar MP5, kuma kamannin sun yi yawa har masu MP5 ta asali, wato Heckler & Koch, suka kai ƙara kotu, aka sauya mata fasali da suna ta koma GSG-522. A lura da kyau: abin da aka yi shari'a a kansa siffa ce. Masu ƙerawa da kansu sun san hajar da suke sayarwa.

In ka buɗe cikin irin waɗannan, abin da za ka tarar injin ƙaramar bindiga ne mai sauƙi, wanda ƙarfin harbin yake tura ƙarfen baya, waya mai lanƙwasa ta dawo da shi. Sauran duk sutura ce: roba a wasu, tutiya a wasu, wani sa'in har da bututun ƙarya a baki mai kama da abin rage ƙara, alhali ba ya rage komai. Kuma suturar tana da nata aibin. Harsashi mai leɓe ba ya son a jera shi da yawa cikin dogon gida, leɓen wani yakan hau na wani ya cije. Ga shi ana shafe dalmarsa da kaki, ga albarushinsa mai barin dauɗa. Mai gidan harsashi 25 da yake ɓarin wuta kamar a fim, shi ne za ka gani ya tsaya yana zaro wanda ya maƙale. Sau da yawa kuma kuɗinta ya fi na bindigar .22 marar ado, irin Ruger 10/22 da ake ƙerawa tun 1964.

Mai son sanin inda gwanintar wannan harsashi ta ƙare, ya kalli gasar Olamfik. Da .22 ake harbin mita 50, tsakiyar abin bara kuwa faɗinta santimita ɗaya ne da 'yan kai. Bindigogin da zakarun duniya suke riƙewa a wurin harsashi ɗaya ake sa musu a lokaci guda, kuma babu wadda ta yi kama da ta soja. Kama da wane ba wane ba ce, in ji Bahaushe. A nan ma abin ya zarce haka, don mai kamar ba ta kai sojan ƙarfi ba, ba ta kuma kai ta gasar saiti ba.

Masu kare su suna da hujjoji, kuma ba za mu ɓoye su ba. Suna cewa wanda ya mallaki AR-15 ta gaske zai iya saba wa hannunsa da maɓallanta da harsashi mai arha. Wannan gaskiya ne ga soja ko ɗan sanda ko mai gasa da babbar bindigar. To ɗanmu da yake tuƙin tasi ko aikin jinya, wace babbar bindiga yake yi wa atisaye? Suna cewa a Ingila, tun dokar 1988 da ta biyo bayan kisan garin Hungerford, an haramta wa farar hula bindigogi masu ɗana kansu in ban da masu cin wannan ƙaramin harsashi, don haka babu wata hanyar ɗanɗana irin wannan harbi. Haka ne, amma dokar harsashi ta keɓe, marar ado ma tana cikin halaccin. Hujja ta ƙarshe ita ce mai gaskiya a cikinsu: tana da daɗin riƙewa, tana da kyau a hoto. Mun yarda. Sai mu duba abin da wannan kyau yake jawowa, da kuma wanda yake biya.

Abu na farko, kalmar "ta wasa" da ake laƙaba mata yaudara ce. Da harsashin .22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a 1968, da shi aka harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981 har ya kusa rasa ransa. A jikin kwalayen harsashin akan rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan da ya wuce kilomita biyu. Bindigar katako marar ado, kowa ya gan ta ya san makami ce, ya kama kansa. Wannan kuwa mai ita yana ce mata abin wasa a cikin gida mai yara, baƙo yana ɗauka ya auna abokinsa don a yi dariya, alhali an hana Musulmi nuna ɗan'uwansa da makami ko da da raha.

Abu na biyu shi ne wanda ya hana mu barci. Ɗan sandan da aka kira ba ya karanta lambar harsashi daga nesa. Siffa yake gani, da launin wanda ya riƙe. A watan Agusta na 2014, a wani kantin Walmart da ke jihar Ohio, 'yan sanda suka harbe John Crawford, baƙar fata ɗan shekara 22, yana riƙe da bindigar iska da ya ɗauka daga kan kantar shagon, yana magana a waya. A watan Nuwamba na shekarar, a birnin Cleveland na wannan jiha, aka harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, saboda bindigar roba mai kama da ta gaske, cikin daƙiƙu kaɗan da isowar motar 'yan sanda. Jihar Ohio kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu, 'yan Gana da yawa suna zaune a Columbus. Mazauna Bronx kuma ba sa bukatar a tuna musu Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini, wanda aka yi wa harbi 41 a ƙofar gidansa a watan Fabrairu na 1999, abin da ke hannunsa walat ne. Idan walat ta isa, ina ga abin da aka ƙera da gangan don ya yi kama da bindigar yaƙi? Akuyar da ta yafa fatar kura, maharbi ba zai tsaya jin kukanta ba kafin ya saki kibiya. Baturen da ya ba ɗanmu shawara a wurin aiki yana iya fitowa da irinta daga but ɗin motarsa maƙwabta su ɗaga masa hannu. Ɗanmu sunansa Abdullahi ko Usmanu, kuma lissafin ba ɗaya ba ne.

Ita ma doka siffar take bi a wasu wurare. Dokar jihar New York ta 2013 tana duba abubuwa irin su mariƙin hannu da gindi mai naɗewa, ta kuma taƙaita gidan harsashi, saboda haka abin da aka saya da halal a wata jiha yana iya zama laifi da an ƙetare iyaka. Dokar tarayyar Amurka kuma ta hana wanda ba shi da takardun zama riƙe bindiga kowace iri. Mai bizar ziyara ko ta karatu ma an hana shi, sai da 'yan keɓance-keɓance. Hoton da yaro ya ɗora yau don abokai su yaba, gobe yana iya zama shaida a gaban jami'in shige da fice.

Hoton kuma ba ya tsayawa a can, yana dawowa gida. Mu mutanen zango mun san bindigar soja ta gaske, mun kuma san abin da ta bar mana. Da dakarun da Turawa suka kira Hausawa Kyaftin Glover ya shiga yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, daga irinsu aka gina rundunar tsaron Gwalkwas, kakanninmu da dama suka sa kaki suka yi yaƙin wasu har Bama. Sun dawo ba su yi ado da bindiga ba. Carbi suka riƙe, suka kama kasuwa, suka kai 'ya'yansu makaranta. Amma sunan ya bi mu. Har yau in an yi maganar 'yan daban siyasa, zango ake fara kallo, kuma da aka kafa dokar hana ƙungiyoyin daba a 2019, bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon, mun ji yadda ake ambatonmu a gidajen rediyo. Ba mu manta watan Yuli na 2018 ba, lokacin da 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan zangon Asawase a yankin Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne, daga baya kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai ga hujjar hakan ba. Sarakunanmu da limamanmu sun share shekaru suna wanke wannan suna a ofisoshi da taruka. Mai son ɓata mu ba zai tambayi ko bindigar da ke cikin hoton ta harbin zomo ce ba; zai adana hoton, ya fito da shi ranar da yake bukata. Ƙannen mai hoton kuma, da suke kallonsa a waya a lungunan Nima da Aboabo, darasin da suka ɗauka shi ne wanda ya ci nasara a Turai haka yake tsayawa.

Wanda takardunsa suka cika kuma harbi yake so da gaske, ya shiga ƙungiyar masu harbi mai rajista, ya yi karatun kiyaye haɗari, ya sayi .22 marar ado, rarar kuɗin ya sa a harsashi da akwatin ƙarfe mai makulli. In yana son mu yaba, ya aiko mana da hoton takardar bara mai huda biyar a wuri ɗaya daga mita 50.

Wanda kuma ya riga ya sayi mai kamannin soja, ba mu ce ya jefa ta a kogi ba. Ya kulle ta, harsashi a wani wuri dabam, ya ɗauke ta cikin jakarta daga gida zuwa filin harbi, ya sauke hotunan da ya ɗora. Kada kuma ya kuskura ya cusa ta cikin duron kayan da ake aikowa gida. Shigo da makami Gana ba tare da izinin hukuma ba laifi ne a ƙarƙashin dokar makamai ta 1972, kuma a 2024 wata kotun Amurka ta kama wani manjo na sojan ƙasar da laifi saboda bindigogin da ya ɓoye ƙarƙashin shinkafa cikin duro aka aiko tashar Tema. Sunan da ake rubutawa a jikin duro a matsayin mai karɓa, galibi na uwa ne ko na ƙanwa.