Kada mu bar wa likitan Galmi aikin ƙauna shi kaɗai

Yau maganata da 'yan uwana Kirista na Madawa da Buza da Keita take, amma maƙwabtanmu Musulmi ku matso kusa, don ku ne shaidunmu.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Adar ya san in ciwo ya gagari likitan gari, abin da ake cewa shi ne: "A kai shi Galmi." Garin nan na bakin babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, duniya ta san shi da abu biyu, albasa da asibiti. Ƙungiyar mishan ta SIM ce ta buɗe asibitin a shekarar 1950, da wani likita Ba'amurke, Dakta Burt Long. Yau sama da shekara 70 ke nan ana yi wa mutane aiki a wurin, Hausawa da Buzaye da Fulani, har da masu tsallako iyaka daga wajen Sakkwato. Kirista a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka kowa ya san mafi yawan waɗanda ke kwance a gadajen nan masu salla ne. Haka abin yake a Danja kusa da Maraɗi, inda mishan ɗin ta daɗe tana kula da masu ciwon kuturta tun lokacin da mutane ke gudun ko gaisawa da su.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu Kiristan wannan yanki mun mai da Galmi abin tinƙaho. Da an tambaye mu me addininmu ya tsinana wa ƙasa, sai mu nuna can da yatsa. Amma wane ne a cikinmu ya taɓa wanke wa maras lafiya tufafi? Majami'u nawa ne a Madawa ko Buza suka ware ko jika ɗaya daga baikon Lahadi domin kuɗin motar mai naƙuda? In kuɗi suka shigo, shawarar farko lasifika ce, ta biyu kujeru, ta uku fenti. Ado da kayan aro ke nan.

Wani abu da na gani da idona a bara, lokacin da na je jinyar ƙanena a Galmi, shi ya sa ni wannan rubutu. Kusa da mu akwai wata tsohuwa daga wani ƙauyen Keita, ta kawo ɗiyarta da haihuwa ta zo wa da gardama. Mijin yarinyar ya tafi bida, kamar yawancin mazan Adar da rani. An yi aiki lafiya, amma guzurin tsohuwa ya ƙare tun kwana na uku, kuma kunya ta hana ta roƙo. Wata mata 'yar zumuntar mata ta lura tukunyarta ba ta hawa murhu. Da marece sai ga ta da kwanon tuwo da ƙwaryar fura, ta aje ta ce: "Inna, ga wannan, ki yi haƙuri ba yawa." Kwana shida tana kawowa. Ba ta tambaye ta addininta ba, ba ta ce ta zo majami'a ba. In lokacin salla ya yi, ita ke riƙe jinjirin har tsohuwa ta sallame. Ranar da aka sallame su, tsohuwa ta riƙe hannunta tana ta sa albarka har hawaye suka zubo mata.

Matar nan ba ta yi lakwal mai zurfi ba, ba ta iya allura ba. Ta dai gane abin da Yesu Almasihu ya nuna ranar da ya ɗauki ruwa ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ke yi a wancan zamani. Kuma a misalin da ya bayar na mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanya, malaman addini biyu ne suka ratse suka wuce, baƙon da ake ƙyama shi ya tsaya ya ɗaure masa rauni, ya biya masa kuɗin masauki.

Na san abin da wasu maƙwabta ke faɗa: wai taimakon Kirista ƙugiya ce, tsutsa a baki, ƙarfe a ciki. Kada mu yi fushi da wannan magana, don wani lokaci mu muke jawo ta. Na taɓa ganin wasu baƙi sun zo rabon hatsi a wani ƙauye cikin shekarar yunwa. Sai da suka jera mata a rana, suka yi dogon wa'azi, suka ɗauki hoto, sannan aka ba kowace tiya biyu. Wannan ciniki ne, kuma mai jin yunwa ya fi kowa gane ciniki. In za ka yi shaidar bangaskiyarka, yi ta a fili ga wanda ya so ji, hakkinka ne. Amma kada ka ɗaura ta a bakin buhun hatsi.

Wasu kuma a cikinmu za su ce: "Mu 'yan kaɗan ne, kuma talakawa." Gaskiya ne. Sai dai abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Kowace ikilisiya ta aje asusu na dabam domin kuɗin mota da na takardar magani, dattawa su riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a kowane wata. Matasa su rubuta sunayensu domin ba da jini, musamman da damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke shanye jinin yara. Zumuntar mata su raba kwanaki, su riƙa leƙa likitan gari suna duba wace mai jinya ce ba ta da mai kawo mata abinci. Fasto ya zama na farko a layi. Kuma asusun nan ya zama na duk wanda ciwo ya kayar a unguwa, ko ina yake ibada.

A nan ma muna da abin koyi wajen maƙwabtanmu. In aka yi rasuwa, dubi yadda suke barin sana'a su taru, wani ya yi gina, wani ya kawo ruwa, ba a jiran gayyata. Da azumi kwano ke tsallaka katanga har gidajenmu. Mun ci, mun gode. To yaushe namu kwanon zai tsallaka, ban da ranar Kirsimeti?

Likitocin Galmi suna nasu aiki. Amma ba su san tsohon da ke kwance a bayan gidanka kwana huɗu ba wanda ya leƙa shi ba. Kai ka san shi. In an tashi sujada ranar Lahadin nan, kafin ka wuce gida, ka biya ta wurinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya bar mu da zumunci. Sai na ji ra'ayoyinku.