Wa Zai Tsaya Masa? Maganar Sayen Kaya Masu Tsada a Waya

 Wannan makon maganar ciniki a waya za mu yi, musamman cinikin kaya masu nauyin kuɗi irin su mota, injin niƙa, farantan sola da baturansu, kwalin wayoyi, gwal da shadda. Irin kayan da in kuɗinsu ya salwanta gida ne gaba ɗaya ke girgiza, don sau da yawa a cikin kuɗin nan akwai adashin uwargida, akwai jarin ƙane, akwai na maƙwabcin da ya ce "Alhaji haɗa da nawa."

Ni ba na cikin masu cewa a bar sayayya ta intanet. Daga rumfata a nan Kwatano nake odar kaya daga Sin, kuma suna zuwa lafiya. Abin da nake so mu duba shi ne abu guda da ya ɓace tsakanin kasuwar iyayenmu da kasuwar waya, domin ta wannan gurbin ɗan damfara yake shigowa.

Kakanninmu da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro, tun kafin yaƙin 1892 ya tarwatsa kasuwar Salaga, su ma da baƙin ido suke ciniki. Mutum ya yi tafiyar watanni, ya sauka garin da bai san kowa ba, bai ma jin yarensu. To me ya hana a cinye shi? Maigida. Kowane falke yana da maigidan da yake sauka a wurinsa a zango. Shi zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in kuma aka yi ciniki bashi, shi ne ya tsaya. In mai saye ya gudu, ƙofar maigida za a buga, kuma maigida ba ya iya gudu, don gidansa da iyalinsa da sunansa duk suna garin. La'adar da ake ba shi kuɗin wannan tsayuwar ce. Har gobe haka cinikin shanu yake tafiya a kasuwanni da yawa, daga Sabon Ibadan har Kumasi.

A waya fa? Kai ne da mai kaya, ba na uku. Shi ya nuna maka hoto, shi ya faɗi farashi, shi ya kawo shaidun da ke yabonsa, shi ya ba ka lambar da za ka tura kuɗi. Komai daga hannunsa ya fito. Shi ya sa tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya nuna mini kaya a waya ita ce: wa zai tsaya masa? In ya ɓace gobe, ƙofar wa za ka buga? In amsar ita ce "ai mutumin kirki ne, mun daɗe muna magana," to cinikin biri a sama ake shirin yi.

Yadda suke aikin ba ya canzawa sosai. Farashi ne ƙugiyar. Ba za su karya shi ƙwarai ba, don sun san ɗan kasuwa zai farga. Za su sauko da shi daidai inda zuciyarka za ta fara lissafin riba. Hotunan kuma na gaskiya ne, sai dai na wani ne, daga shafin wani aka kwaso su. Mabiya dubbai da kake gani a shafin Facebook ko Instagram ko TikTok sayensu ake yi, hotunan rasit da na masu godiya kuwa yaro ma yana iya haɗa su a waya. Daga nan sai gaggawa: "Alhaji wani ya riga ya taya, in ba ka sa kafin alƙalami yau ba sai haƙuri." Duk mai kayan da ba zai iya jiranka kwana biyu ka bincika ba, ka bar masa kayansa.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu haƙuri. Ka yi odar kayan jaka hamsin, su zo daidai. Ka yi na jaka ɗari biyu, su zo har da gyara. Ran da ka tattara miliyoyi ka tura, ranar wayar ke mutuwa. Wasu kuma ba sa kashe wayar. Sai a ce kaya sun iso tashar ruwa amma duwan sun riƙe, a ƙara kaza. Bayan kwana uku kuɗin ajiya, bayan mako kuɗin inshora. Kai kuma don kada na baya ya tafi a banza, sai ka yi ta bin sa da sabo. Tun da aka rufe gadar Malanbil da Gaya a 2023, kaya da yawa na Nijar suka koma bi ta Lome da Burkina, jinkiri ya zama abin da kowa ya saba da shi, su kuma suka samu uzurin da ba a musu a kansa: "Kaya na hanya, ka san halin iyaka."

To mece ce mafita? Ka mayar da maigida cikin cinikin. Ka nemi wani mutum na uku wanda kai ka zaɓe shi, wanda kai yake jin kunya, ya je ya ɗora hannu a kan kayan kafin kuɗi su bar hannunka. Mu Hausawa Allah Ya yi mana wannan arziki, babu wata babbar tashar kasuwanci da ba mu da mutum. Akwai namu a Gwanzu da Iwu a ƙasar Sin, akwai su a Dera ta Dubai, akwai su a Alaba ta Legas, akwai su a filayen motoci na Sekanji a nan bakin Kwatano. Ka biya mutum la'adarsa da kuɗin motarsa ya je ya gani. In kayan kwantena guda ne daga masana'anta, akwai kamfanonin da duba kaya kafin lodi shi ne sana'arsu, irin su SGS da Bureau Veritas. Amma ka lura da kyau: wakilin da mai kaya ya ba ka lambarsa nasa ne, ko da ya gaishe ka da Hausar garinku.

Kafin ka wahalar da wakili, akwai gwajin da za ka yi kana zaune. Ka kira mai kayan kiran bidiyo ba tare da ka sanar da shi lokaci ba. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan watan yau a takarda, ya ɗora a kan kayan kana gani. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ba shi da su kuwa, nan take kyamararsa za ta lalace ko sabis ya ɗauke. Hotunan da ya turo, ka sa yaronka ya saka su a Google Lens, in na sata ne sau da yawa za ka gan su a shafin wani, a wata ƙasa, da wani farashi.

Sannan kaya masu tsada suna da lambobin da ke bin su. Mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta a gindin gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa, kuma ba a sa harafin I da O da Q a cikinta. Ka ce a nuna maka ita a bidiyo, a jikin motar. In 'yar Amurka ce, ka rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan ranar da aka yi gwanjonta za su fito, ka ga ko ta yi hatsari ko ambaliya ta cinye ta. Waya tana da lambar IMEI mai lamba 15, in an danna *#06# take fitowa, ta yi daidai da ta jikin kwali. In iPhone ce ta hannu, a fita daga iCloud a gaban wakilinka, in ba haka ba madubi ka saya. Kwantena kuma lambarta haruffa 4 ne da lambobi 7, kana iya bin sawunta a shafin kamfanin jirgin, ko Maersk ko MSC ko CMA CGM. Sai dai a nan akwai tarko: ɗan damfara yana iya ba ka lambar kwantena ta gaske wadda take ta wani ce. Don haka ka kai takardar lodin jirgi, wadda muke ce wa BL, wurin ejan ɗinka na tashar ruwa, ya tabbatar a ofishin kamfanin jirgin cewa sunanka ne a matsayin mai karɓa.

Yanzu maganar inda kuɗin ke sauka, wadda ta fi duka. Sunan mai kaya, da sunan da ke kan takardar farashi, da sunan da ke kan asusun, dole su zama ɗaya. In an ce "tura ta lambar ƙanena, tawa ta cika," ka tsaya. In MoMo ne ko Orange Money ko Airtel Money ko Moov Money, ka fara tura ɗan abu kaɗan ka ga sunan da zai fito. In da kamfanin Sin kake ciniki, ka nemi hoton lasisinsu, yana da lamba mai gurbi 18 da wakilinka zai iya dubawa a rajistar gwamnatinsu. In a Alibaba kuka haɗu, kariyarsu ta Trade Assurance tana aiki ne kawai in a cikin shafin ka yi odar kuma ta hanyarsu ka biya. Da zarar an ce "zo WhatsApp in rage maka," ka fita daga inuwar. In kuma kamfanin da kuka daɗe kuna hulɗa ya aiko saƙo wai sun canza asusu, kada ka tura ko sisi sai ka kira su ta tsohuwar lambar da ka sani, don ɓarayi kan shiga akwatin saƙon kamfani su canza lambar asusu kawai. Haka in saƙon neman kuɗi ya zo daga WhatsApp ɗin amininka. Ana sace shi da lambobi 6 ɗin nan da ake turowa waya, saboda haka ka kira shi ka ji bakinsa, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

Kada ka biya duka a gaba. Abin da aka saba da masana'antu shi ne kashi 30 cikin ɗari a fara aiki, sauran 70 bayan an duba kaya. Kuma a rubuta komai: irin kayan, yawansu, farashi, ranar lodi, wanda zai biya duwan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa da wannan.

Iyayenmu mata da 'yan uwanmu masu haɗa lefe da kayan ɗaki, ku ma maganar ta shafe ku, don ku aka fi bi da hoton gwal da shadda da atamfa. Gwal mai karat 18 ana buga masa 750, mai 21 ana buga 875, mai 22 kuma 916, amma hatimi kowa na iya buga shi a jikin tagulla. A haɗu a shagon maƙerin gwal da kuka sani, ya auna ya gwada, sannan a biya. Getzner ta gaske daga Ostiriya take zuwa, Vlisco daga Holan, kuma dukansu ana kwaikwayonsu har da tambari. In kin ga farashin ya faɗi ƙasa da na babban dila, Hajiya, araha ba ta ado. Kuma a daina ɓoye wa juna irin wannan ciniki a cikin gida. Ɗan damfara yana son a ce "kada ki gaya wa kowa sai kaya sun zo," don ya san ido na biyu shi ke tona shi.

In kuma ƙaddara ta riga ta faɗa, awannin farko su ne masu daraja. Ka kira bankinka ko kamfanin wayar nan take ka nemi a tsare kuɗin, wani lokaci ana cim musu kafin a cire. Kada ka goge hirar, ka adana lambobin da rasit da muryoyin da ya turo. Ka kai ƙara wurin 'yan sanda. A Najeriya akwai EFCC, a Kamaru akwai ANTIC, a Gana ana kiran 292 a samu hukumar tsaron intanet. Ka sanar da sarkin zango da shugabannin kasuwa don a gargaɗi saura. Kunya ce ke sa mutum ya yi shiru, shirun nan kuma shi ke ba su damar cin na gaba da lamba ɗaya. Kuma ka yi hattara da wanda zai ɓullo daga baya ya ce shi jami'i ne ko gwanin kwamfuta, zai dawo maka da kuɗinka in ka biya kaza. Sau da yawa su ɗin ne suka sake riga.

La'adar wakili da jinkirin kwana biyu suna da ciwo a lokacin da riba ke kiran mutum, na sani. Amma ka sa su cikin kuɗin kaya tun farko, kamar yadda kake sa kuɗin mota da na duwan. In ribar ba ta iya ɗaukar la'adar mai tsayawa ba, cinikin bai kai a yi shi ba.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.