Injin Shara Marar Waya: A Duba Batir Kafin A Duba Kala

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san irin falon nan: kafet daga bango zuwa bango, kujeru na alfarma, labule har ƙasa, ko ƙwayar ƙura babu. Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne yaran lokeshan da suka sha tsintsiya tun kafin darakta ya iso. To, 'yan mata masu shirin aure sun ga falon, sun kuma ƙyasa, shi ya sa a lissafin kayan ɗaki yanzu akan ji sunan wani baƙo bayan firij da talabijin, wato injin zuƙe ƙura marar waya, wanda ake cajinsa kamar salula.

Masu kallon finafinan Turawa za su tuna Robin Williams a cikin Mrs. Doubtfire na 1993, ya sha shigar mata yana tiƙar rawa da injin shara. Wancan ƙaton na da ne. Ƙanana masu batir sun fara yaɗuwa ne tun 1979, lokacin da kamfanin Black & Decker ya fito da Dustbuster. A 2018 kuma Dyson na Ingila ya sanar cewa ya daina ƙirƙiro sababbin masu waya. A garin da wuta ke zuwa ta ga dama, wannan abin so ne: a yi caji da dare, a yi shara da safe.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Rayuwar injin gaba ɗaya a batir take, kuma lambar da aka rubuta a kwali ba ita ce ta aiki ba. Misali Dyson V8, wanda ya fito a 2016: kwali ya ce minti 40, amma wannan a ƙaramin ƙarfi ne. Da an murɗa shi zuwa ƙarshe, wanda shi ne kafet mai kauri ke buƙata, abin bai wuce kamar minti 7 ba, sannan ya koma caji na wajen awa 5. Amaryar da ta fara da falo, kafin ta kai uwar ɗaka ya mace mata a hannu, ga baƙi a ƙofa! Bayan haka, batirin irin na salula ne, yana tsufa, kuma zafi ne babban makashinsa. Wanda ya bar shi a mota ko jikin taga a watan Afrilu, ya rage masa kwana da hannunsa. Saboda haka tambayar farko ga mai shago ita ce: batirin yana cirewa? In ya mutu, akwai wani a kasuwa? Wasu samfuran, irin LG CordZero A9, suna zuwa da batir biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji. In mai shago ya fara kame-kame, a yi gaba. Na hannu kuwa, irin wanda ake shigowa da shi daga Turai, yawanci jikinsa fes, batirinsa ya gaji. Kada a biya sai an kunna shi a babban ƙarfi an ga iya mintin da zai yi.

Sai nauyi. Yawancinsu kilo 2 da rabi ne zuwa 3, abin da ba a ji a baki. Sai dai mota da batir duk a wajen mariƙi suke, don haka wuyan hannu ne ke ɗaukar kayan. A ɗaga shi sama kamar za a share yanar gizo-gizo a silin, a riƙe na minti ɗaya, hannu zai faɗi gaskiya. Wasu kuma sai an danne maɓalli da yatsa har a gama shara, ga wanda yake da babban falo wannan azaba ce.

Maganar ƙura ba wasa ba ce a ƙasar da ake hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar lallausa ce kamar hoda, kuma injin da matatarsa ba ta da kyau zuƙa zai yi ta gaba ya feso ta baya, mai asma ya shiga uku. A nemi mai matata ta HEPA, wadda ke tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da ido ba ya gani, kuma wadda ake wankewa. A wanke da ruwan sanyi, a bar ta ta bushe awa 24. Mai gaggawar mayar da ita da danshi zai gamu da wari, wataƙila har ya ƙona mota. Yawancin masu kukan "injina ya daina ja", matata ce kawai ta toshe.

Kan injin ma iri biyu ne: mai burushi na kafet, mai laushi na tayil. Gidan da ake kitso da ƙarin gashi, a tabbata burushin na cirewa don a yanke abin da ya nannaɗe. Mazubin shara ɗan ƙarami ne, kamar rabin lita, ba zai iya yashin tsakar gida ba, kuma ba ya shan ruwa. Tsintsiyar kwakwa dai tana nan da aikinta.

Ga waɗanda ake aiko wa daga waje, a juya cajar a karanta. Wutar Amurka 120 ce, ta Nijeriya 230. In an ga 100-240V, lafiya lau. In 120V kawai aka rubuta, kada a kuskura a jona ta sai da taransifoma, in ba haka ba tun ranar budar kai hayaƙi zai tashi.