Dandalin Kwamfuta: Idan kibiyar linzami ta fara jan ƙafa a kan babban allo

Tambayar wannan makon ta fito ne daga yankin Tozai, a Ƙaramar Hukumar Isa ta Jihar Sakkwato. Wani malami ne da ke shirya 'yan aji shida don jarrabawar JAMB. Laftof ɗaya gare su, ita ma ta hannu ce, don haka sukan jona ta da babban talabijin irin wanda ake kira filasma domin duk ajin ya gani. Ya ce da zarar an jona, sai kibiyar linzami ta fara jan ƙafa: hannu ya riga ya tsaya, ita kuwa tana tafe a baya. Ya sayi sabon linzami, bai canza zani ba. Yanzu ana ba shi shawara ya kai laftof ɗin Sakkwato a goge komai a sake zuba mata Windows.

Malam, dakata tukuna. Duk wanda ya san yankin Isa da Sabon Birni ya san cewa a halin da hanya take ciki, ba a ɗaukar tafiyar Sakkwato a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wannan matsala kuwa, a mafi yawan lokuta, ana gyara ta a zaune ba tare da an kashe ko sisi ba. Sayen sabon linzami ma an bar jaki ne ana dukan taiki.

Kada wani ya ce ai ƙaramin abu ne. Tun shekarar 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, wato sakan 40 ga kowace tambaya idan aka raba daidai. Yaron da ya koyi riƙe linzami a kan kibiya mai jan ƙafa, hannunsa zai saba da wuce wuri da dawowa, ya riƙa lalube kafin ya danna, kuma ya tashi da tunanin cewa kwamfuta abu ce mai gardama. Da wannan fargabar zai shiga ɗakin jarrabawa.

Kafin a taɓa komai, a gano bakin zaren. Ajiye linzamin gefe, ka motsa kibiyar da ɗan faifan shafawa da ke jikin laftof, ƙasa da madannai. Idan ta tafi sumul a kan talabijin, to laifin yana wajen linzami, za mu zo kansa. Idan kuwa har yanzu tana ja, linzami ya kuɓuta. Sai ka zare wayar talabijin ka duba allon laftof ɗin kaɗai. In ta warware nan take, ka san matsalar tana tsakanin laftof da babban allo. Daga bayanin malaminmu, nan nake kyautata zaton gizo ke saƙa.

Ga abin da ke faruwa. Hoton da kuke gani a allo ba a tsaye yake ba, ana sake zana shi ne a kai a kai. Allon laftof yakan sabunta hotonsa sau 60 a kowane sakan, shi ne ake rubutawa 60 Hz. Da wannan saurin ido ba ya ganin giɓi. To amma yawancin manyan talabijin na yanzu masu lambar 4K ne, wato ɗigo 3840 a kwance, 2160 a tsaye, sama da ɗigo miliyan 8 ke nan. Ku kwatanta da allon tsohuwar laftof mai 1366 da 768, wanda ɗigonsa miliyan 1 ne da ɗan ɗoriya. Da an jona waya, talabijin zai gaya wa laftof cewa shi 4K ne, ita kuma Windows ta amsa da to, ta ba shi cikakken girman.

Sai dai ƙofar da hoton zai bi tana da iyaka. Kafar HDMI iri-iri ce duk da kamanninsu ɗaya. Samfurin 1.4 da ya fito a 2009 yana iya ɗaukar 4K, amma sau 30 kacal a sakan. Sai samfurin 2.0 na 2013 ne ya kai sau 60. Laftof na hannu da yawa tsohon samfurin gare su. Saboda haka hoto zai fito tangaran, rubutu ƙanana masu kyau, amma an rage saurin sabuntawa zuwa rabi ba tare da an sanar da kowa ba. Fim ba zai nuna alama ba, domin fina-finai da ma a kan hoto 24 a sakan ake ɗaukar yawancinsu. Kibiya ce kawai za ta tona asiri, saboda ita ce ke bin hannunka kai tsaye.

Gyaran kuwa ba wuya. A Windows 10 ko 11, danna maɓallin dama na linzami a sararin allo, ka zaɓi Display settings, ka gangara zuwa Advanced display, ka zaɓi allo na 2. A nan za ka ga lambar. In ka ga 30, ko 29, ko 25, ko 24, to ka kama ɓarawon. Rage girman hoton zuwa 1920 da 1080, sannan ka ɗaga lambar zuwa 60. Kada a ji takaicin barin 4K. Ga ɗalibin da ke zaune a bencin baya, rubutun ma sai ya fi girma da saukin karantawa.

Akwai wani tarko a nan da ke kama mutane da yawa. Wani lokaci za ka rage girman hoton amma kibiyar ta ci gaba da halinta. Dalili shi ne Windows ta ƙanƙanta hoton ne a cikin gida kawai, amma abin da take turawa ta waya yana nan a 4K ɗinsa da 30. A shafin nan na Advanced display akwai layin da ya fara da Active signal, shi ne ke faɗar gaskiyar abin da ke bin waya. In har yanzu 3840 ne a wurin, shiga Display adapter properties, danna List All Modes, ka zaɓi layin da ke da 1920 da 1080 da 60 Hertz a tare. Allon zai ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. In bai dawo ba, kada a taɓa komai, bayan sakan 15 Windows za ta koma yadda take da kanta.

To, an kai 60 amma har yanzu kibiya tana zuwa a makare, ko da yake tafiyarta sumul ce? Wannan kuma halin talabijin ne. Ba a ƙera shi don linzami ba, don kallo aka yi shi. Kowane hoto ya shigo sai ya riƙe shi ya yi masa kwalliya, ya ƙara kala, ya goge dishi-dishi, wani ma har ya ƙirƙiro hotuna a tsakani don ƙwallo ta riƙa tafiya sulɓi. Wannan kwalliya tana cin lokaci, a wasu talabijin har kusan kashi 1 cikin 10 na sakan ko fiye. Mai kallon wasan Firimiya ba zai taɓa sani ba, don babu abin da zai kwatanta da shi. Mai riƙe da linzami kuwa yana jin sa a hannu. Ɗauki rimot ka shiga saitin hoto, ka nemi Game Mode, ko PC Mode a wasu samfuran, ka kunna. An tanade shi ne don masu wasan gem, amma aikinsa shi ne kashe waccan kwalliya. In talabijin ɗin na aro ne, misali daga gidan kallo, a tuna a mayar wa mai shi saitinsa kafin a maida, kada gobe a hana.

Abu na gaba shi ne yadda aka raba hoton. Danna maɓallin Windows tare da harafin P, zaɓi huɗu za su fito. Yawancin malamai Duplicate suke bari, wato hoto ɗaya a allo biyu. Hakan yana tilasta wa alluna biyu masu girma daban su yi tafiya tare, kuma ƙaramar laftof takan ji jiki. Gwada Second screen only, allon laftof ya huta, duk ƙarfin ya koma kan talabijin. Masu laftof da fuskarta ta fashe, waɗanda da ma da monita suke aiki, su ma wannan ne nasu.

Sai maganar mahaɗi. Wasu laftof na ofis da suka cika kasuwa, irin su HP EliteBook Folio 9470m, ba su da kafar HDMI sam, sai DisplayPort da VGA. Ƙaramin mahaɗin da ke mayar da DisplayPort zuwa HDMI ba ya jawo jinkiri. VGA ma, duk da tsufanta, ba ta da wannan matsala in talabijin ko monita na da kafarta. Wanda nake gargaɗi a kansa shi ne mai mayar da kafar USB ta filash zuwa HDMI. Ku yi lissafi da kanku: hoton 1920 da 1080 sau 60 a sakan yana buƙatar kusan gigabit 3, alhali kafar USB 2.0 iyakarta megabit 480. Dole laftof ta matse hoton kafin ta tura, kuma matsewar tana cin lokaci da ƙarfin inji. Haka abin yake ga tura hoto zuwa talabijin ta iska ba tare da waya ba. Yana da kyau don nuna hotuna, amma ba don koyon linzami ba.

Mu koma kan linzamin, ga waɗanda gwajin farko ya nuna shi ne mai laifi. Alamarsa daban ce: kibiya takan tsaya cak, sannan ta yi tsalle. In mara waya ne, fara da batir. Bayan haka ka duba ɗan ƙaramin kan da ake cusawa a jikin laftof. Yana magana da linzami ne a kan zangon 2.4 GHz, kuma tun a 2012 kamfanin Intel ya fitar da bayani cewa kafar USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, tana fitar da hayaniya a daidai wannan zango idan an jona mata filash ko hadis mai irin saurinta. Mayar da kan zuwa ɗaya gefen, nesa da su. Sannan ku lura, da an jona babban allo akan ture laftof can kusa da talabijin, mai linzami kuma ya ja baya, tazara ta ƙaru ba a ankara ba. Tebur mai gilashi ko mai sheƙi shi ma yana rikita idon linzami, sai a shimfiɗa bangon littafi mara ƙyalli. A ra'ayina, ajin koyo linzami mai waya ya fi dacewa da shi. Ya fi araha, ba ya cin batir, kuma kan sa ba ya ɓata a aljihun wani yaro.

Wani lokaci kuma ba kibiya kaɗai ba ce, komai ne ya yi nauyi. A yankinmu abu biyu ne kan gaba. Na farko wuta: idan janareta ya mutu ko batirin sola ya yi ƙasa aka koma kan batirin laftof, injin yakan rage gudu don tattali, ga shi kuma yana ɗauke da babban allo. A jona caja a gani. Na biyu zafi. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar ciki. Inji in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko darduma, a ɗaga bayanta da ɗan katako iska ta ratsa, kuma a bar murfin a buɗe ko da ba a amfani da allonta.

Yanzu ga dalilin da ya sa na hana gogewa. Sau da yawa gogewar ce ma ke haifar da wannan ciwo. Masu zuba Windows cikin gaggawa sukan manta da direban hoto, wato 'yar manhajar da ke koya wa Windows sarrafa injin hoto na wannan laftof. Danna maɓallin dama a kan Start, shiga Device Manager, buɗe Display adapters. In ka ga sunan Intel ko AMD ko NVIDIA, lafiya lau. In kuwa Microsoft Basic Display Adapter aka rubuta, to babu direba, kuma babban inji ne ke ɗaukar kayan da ba nasa ba. Sau da yawa irin wannan laftof ba ta ma yarda ta raba hoto zuwa allo na biyu yadda ya kamata.

Direban yakan kai megabayit ɗaruruwa, kuma mun san yadda sabis yake a ƙauyukan Isa da Sabon Birni. Ba sai laftof ta yi tafiya ba. Juya ta ka kwafe sunan kamfani da lambar samfurin da ke ƙasanta, ka rubuta wace Windows ce a kai, ka ba wanda da ma zai shiga birni tare da filash. A sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, HP ko Dell ko Lenovo, ba daga shafukan da ke cewa za su gyara komai da dannawa ɗaya ba.

Ga ɗalibai kuma, kafin a gama gyara kada atisaye ya tsaya. Manhajar JAMB tana karɓar amsa daga madannai: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya. Ku saba da su tare da linzamin.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake share ƙura daga fankar laftof ba tare da an karya komai ba. A ci gaba da aiko da tambayoyi.