Sarkin Da Ya Zana Nadamarsa A Kan Dutse

Hausawa sun ce hali zanen dutse ne, watau abin da mutum ya tashi da shi da wuya ya rabu da shi. Duk da haka, kowane zamani ba ya rasa masu neman hanyar kankare munanan halayensu don su sami kwanciyar rai. A ƙasashen Turai da Amurka, tun daga wajejen shekarun 1960, mutane da yawa suka karkata ga addinin Buda saboda wannan bukata. Sai ka ga ɗan kasuwa ko malamin makaranta ya ware rabin sa'a da sassafe, ya tanƙwashe ƙafa ya yi shiru, yana lura da shigar numfashinsa da fitarsa, wai don ya rage fushi da damuwa. To, abin tambaya shi ne, shin wannan natsuwa takan tsaya a ƙirjin mai ita ne, ko kuwa takan kai ga na kusa da shi?

Wanda ya kafa wannan addini, Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Ya koyar da cewa kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu su ne tushen wahalar ɗan Adam. An ɗora wa mabiyansa na gida sharuɗɗa biyar: kada su kashe rai, kada su ɗauki abin da ba a ba su ba, kada su yi lalata, kada su yi ƙarya, kada su sha abin maye. A tsarin karatunsu kyawon hali shi ne matakin farko, sa'an nan horar da zuciya, kana hikima. Ashe wanda ya fara da zaman shiru ya tsallake sharuɗɗan nan, ya soma gini ne daga jinka.

Cikin tarihin masu komawa ga wannan hanya, ba wanda labarinsa ya kai na Sarki Ashoka na ƙasar Indiya. Shi jikan Chandragupta ne, wanda ya kafa daular Maurya, fadarsa kuwa tana Pataliputra, inda birnin Patna yake a yau. An naɗa shi wajen shekara ta 268 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Shekara takwas da naɗinsa ya kai yaƙi ƙasar Kalinga, watau yankin jihar Odisha ta yanzu a gabar tekun gabas, ya ci ta. Bisa ga lissafin da shi kansa ya sa aka sassaƙa a dutse, an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000 daga garuruwansu, waɗanda suka mutu daga baya kuwa sun fi haka yawa.

Sarakunan dā sukan sa a rubuta irin wannan adadi don alfahari. Ashoka kuwa ya rubuta shi ne don nadama. Ya bayyana cewa ko kashi ɗaya cikin ɗari, ko cikin dubu, na waɗannan mutane aka rasa, abin zai yi masa ciwo. A wani rubutun kuma ya amsa cewa ya yi lokaci yana mabiyin Buda ba tare da ya ba da himma ba, sai daga baya da ya kusanci masu zuhudu sa'an nan ya riƙe abin da gaske. Wannan ya nuna canjin nasa sannu a hankali ya zo, kamar yadda gyaran hali yakan zo wa kowa.

Abin da ya sa har yau ake ambatonsa shi ne nadamar ta fito fili, talakawa sun gani da idonsu. Ya sa an haƙa rijiyoyi a kan hanyoyi, an dasa itatuwan inuwa da na mangwaro, an gina masaukan matafiya, an tanadi magani don mutane da dabbobi. Madafar fada, inda dā akan yanka dabbobi masu ɗimbin yawa kullum, ya rage abin ya koma ɗawisu biyu da barewa ɗaya, barewar ma ba kullum ba. Ya ba da umurni a kawo masa ƙarar talakawa a kowane lokaci, ko yana cin abinci, ko yana cikin gida wurin iyalinsa. Shekara goma sha uku da naɗinsa ya naɗa wakilai na musamman masu duba halin fursunoni da tsofaffi da marasa galihu. Hakimansa na Kalinga kuwa ya gargaɗe su game da hassada da fushi da gaggawa da kasala, domin su ne ke sa mai shari'a ya ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba.

Har ila yau ya yi wani gargaɗi wanda ya fi sauran nauyi. Ya umurci mabiyan kowane addini su kame bakinsu, ya ce wanda ya yabi nasa addini ya kushe na wani, nasa ɗin yake cuta. Lalle ya san baki shi ke yanka wuya.

Amma fa gaskiya ba ta yarda a mai da shi waliyyi ba. Bai mayar wa mutanen Kalinga ƙasarsu ba. Bai soke hukuncin kisa ba, sai dai ya ba wanda aka yanke wa kwana uku don danginsa su nemi sassauci ko ya shirya wa mutuwa. Cikin rubutun nadamar nan ma ya tuna wa mutanen dazuzzuka cewa yana da ƙarfin hukunta su in sun ƙi ji. Wani abin lura kuma, wannan rubutu da ke ba da adadin matattu ba a sassaƙa shi a Dhauli da Jaugada ba, watau wuraren da rubuce-rubucensa suke cikin Kalinga kanta. Daularsa kuwa ta rushe kimanin shekara hamsin bayan mutuwarsa.

Daga baya aka manta da karatun waɗannan duwatsu, sai a shekarar 1837 wani Baturen Ingila, James Prinsep, ya gano yadda ake karanta baƙaƙen. Da Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, ta sa hoton ƙafar keken nan mai sanduna 24 na ginshiƙin Ashoka a tsakiyar tutarta, a 1950 kuma zakunan ginshiƙin Sarnath suka zama tambarin gwamnati.

Sunan addini kaɗai dai ba ya lamunce wa kowa kyawon hali. A ƙasar Myanmar, inda mafi yawan jama'a mabiyan Buda ne, wasu masu zuhudu irin su Ashin Wirathu sun yi shekaru suna wa'azin ƙiyayya ga Musulmi, a shekarar 2017 kuma fiye da mutum 700,000 'yan ƙabilar Rohingya suka tsere zuwa Bangaladash saboda farmakin sojoji. Waɗannan masu wa'azi sun san zaman shiru sarai, amma gargaɗin kame baki ya wuce su.

Saboda haka, duk wanda ya ce ya sami natsuwa, ko ta wace hanya ya bi, to, a tambayi matarsa da yaran shagonsa da wanda ke binsa bashi, a ji ko sun ga canji. Ashoka, da dukan gazawarsa, ya bar rijiyoyi da inuwa ga matafiya, ya kuma bar lissafin laifinsa a inda na baya za su karanta.