RA'AYINMU: Wa Ke Riƙe Da Yinin Yaranmu?

 

Ya 'yan'uwa, a da yaron Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ba ya bukatar agogo. Kiran assalatu ke tashe shi, ya ɗauki allo, ya dawo ya sha kunu, ya nufi firamare ko ya kai wa mahaifinsa fura gona. Da la'asar a koma karatu, bayan isha'i a ji tatsuniyar kaka, sai barci. Gari ne ke tsara wa yaro yininsa, iyaye bi kawai suke yi.

Wannan tsari a kan idonmu ya wargaje. Ta'asar 'yan bindiga ta raba manoma da gonakinsu, ta koro iyalai daga ƙauyuka zuwa cikin gari, har ka tarar da magidanta biyu ko uku cunkushe a gidan ɗan'uwa guda. A watan Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnatin Zamfara ta rufe makarantun firamare da na sakandare, a daidai lokacin da aka dakatar da kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya. An buɗe makarantu daga baya, amma mun ga abin da ya kamata mu gani: duk abin da ke wajen gida ana iya rufe shi cikin dare ɗaya. Saura gidan.

Ƙaramin yaro bai san ƙarfe nawa ba. Abin da ya sani shi ne bayan kaza sai kaza: bayan wanka sai abinci, bayan abinci sai tabarma. Idan wannan jeri ya tabbata kullum, hankalinsa ya kwanta, domin ya san abin da ke tafe. Yaron da ya taɓa kwana a daji a bayan mahaifiyarsa, ko ya ji ƙarar bindiga cikin dare, ya fi kowa bukatar wannan tabbaci. Sau da yawa rigimar da muke kira taurin kai, har mu ɗauko tsumagiya, ba komai ba ce illa gajiya da tsoro.

Ba sai mun ƙirƙiro sabon jadawali ba. Muna da turaku biyar da ba a iya tumɓuke su, wato salloli. A ɗaura tashi da wanke baki a kan asuba, hutun rana a kan azahar, karatu da wasa a kan la'asar. Magariba ta tarar da kowa a cikin gida, kamar yadda Sunna ta yi umarni a tsare yara idan duhu ya fara shiga. Aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shiga wurin iyaye: kafin sallar asuba, da lokacin hutun rana, da bayan isha'i. Ashe ke nan gidan Musulmi gida ne mai sanannun lokuta. Kuma yaron da aka ce a umarce shi da salla yana ɗan shekara 7, ta yaya zai tashi da asuba in ya saba kaiwa tsakar dare ido biyu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a rana, har da na rana, kada kuma kallon waya ko talabijin ya wuce masa awa 1. Sai kowannenmu ya lissafa na gidansa.

Wani zai ce, mutumin da abinci ke yi wa wuya, ina shi ina tsarin lokaci? Muna jin wannan magana, ba kuma mu raina ta ba. Amma ko koko ne kaɗai a gidan, shan sa a lokaci guda, a wuri guda, da bisimilla, ba ya cin ko kwabo.

Laifin ba na mata ba ne su kaɗai, ko da yake a kansu muka saba jibga shi. Maigidan da ke fita daga masallacin isha'i ya zarce majalisa ko teburin mai shayi, ya dawo yara sun bingire a ƙasa, shi ne ya fara karya tsarin. Haka wanda ya bari a tura 'yarsa talla har bayan magariba.

Mu ma masu wa'azi akwai namu. Muna kafa lasifika a tsakiyar unguwa mu kai sha ɗaya na dare, alhali a bayan katangar akwai jariran da ake ta fama a kwantar. Muna kira ga kwamitocin masallatanmu da su taƙaita wa'azin dare, su rage ƙarar na'ura, malaman Islamiyya kuma su sallami 'yan ajin ƙasa tun da sauran rana, yadda kowane yaro zai isa gida kafin a kira magariba.